Me ake nema a tsohon faifan Jimmy Smith? Fashin baƙi kan kiɗan ogan da masu tara fayafayi

Wai me zai sa mutum da hankalinsa ya zuba kuɗi masu kauri ya sayi tsohon faifan garmaho wanda ya girmi babansa, na wani Ba'amurke mai kaɗa ogan, alhali kiɗan nan yana nan a YouTube da Spotify kyauta ko kusan kyauta? Tambayar da ake ta yi kenan tun da labarin dawowar faifai ya fara yawo, musamman da ƙungiyar kamfanonin kiɗa ta Amurka ta fitar da alƙaluman 2022, inda aka sayar da faifan garmaho kusan miliyan 41, sidi kuma miliyan 33, karo na farko da faifai ya wuce sidi a yawa tun 1987. Wasu suka ce ai gayu ne kawai, wasu suka ce jari ne irin na masu ɓoye gwal, wasu kuma cewa suke sautin faifai ya fi na waya nesa ba kusa ba, kuma kowa a cikinsu yana da ɗan abin da ya kama, amma ni a ganina duk sun tsallake wani abu.

Na zaɓi Jimmy Smith ne don yin bayanin saboda a kansa ne lissafin masu cewa tsada ita ce daraja yake rushewa. Mutumin nan shi ne uban masu ogan a kiɗan jaz, babu mai ja da wannan, amma fayafayansa na daga cikin masu araha a kasuwar tsofaffin fayafayi. Toh idan ka gane dalilin haka ka gane rabin harkar. Sauran rabin kuma a kunne yake, shi ya sa zan fara da na'urar kanta kafin mu zo maganar kuɗi.

Shi ogan ɗin ma mene ne?

Yawancin mu idan aka ce ogan coci ke zuwa mana a rai, ko kuma kibod ɗin nan na roba da masu kiɗan biki ke ratayawa. Wanda ake magana a nan daban ne. Sunansa Hammond, sunan wanda ya ƙirƙiro shi kenan Laurens Hammond, kuma an fara sayar da shi a 1935, da niyyar ƙananan coci-coci da ba su da kuɗin girka babban ogan mai bututu su samu madadi. Samfurin da ya yi suna, B-3, ya fito a tsakiyar shekarun 1950. Katako ne zindimeme, nauyinsa ya kusa kilo 190, maɓallansa hawa biyu ne kowane hawa 61, sannan a ƙasa ga wasu sanduna 25 da ake takawa da ƙafa.

A cikinsa babu kwamfuta babu komai na zamani. Ɗan inji ne ke juya wasu ƙananan tayoyin ƙarfe masu haƙora kamar giyar keke, guda 91, kowace tana juyawa a gaban maganaɗisu, juyawar nan ita ke haifar da sauti. Kenan ƙarfe ne ke juyawa da gaske, har mai ake ɗiga masa lokaci-lokaci kamar keken ɗinki. Kuma saurin injin ya dogara ne da irin wutar da aka ba shi, a Amurka wutarsu na bugawa sau 60 a daƙiƙa, namu a Najeriya da Nijar sau 50, don haka in ka kinkimo na Amurka ka jona shi a Kano ba tare da gyara ba duk kiɗan zai sauko ƙasa, ya yi kauri kamar kaset ɗin da batir ya fara ƙare masa.

Sai wasu 'yan sanduna tara da ake ja waje ko a tura ciki, kowanne daga 0 zuwa 8. Da su ake haɗa kalar sautin, kamar mai miya tana ƙara daddawa ta rage barkono. Haɗin da Jimmy Smith ya shahara da shi har ya zama karatun farko ga duk ɗalibin ogan shi ne a ja ukun farko har ƙarshe a bar sauran shida a rufe, masu harkar suna rubuta shi 888000000, sai a kunna wani maɓalli da ke ƙara ɗan "tak" a farkon kowane sauti kamar an ɗan buga ƙwarya. Wannan "tak" ɗin ba ya fitowa sai ka ɗaga duk yatsunka kafin ka sake dannawa, kaga dole mai kiɗan ya riƙa tsinke sautukan ɗaya bayan ɗaya ko da gudu yake.

Na ƙarshe kuma wanda ba ogan sai da shi, lasifikar Leslie. Wani Donald Leslie ne ya ƙera ta, akwati ce babba, a samanta akwai ƙaho mai juyawa a ƙasa kuma ganga mai juyawa, sai sautin ya riƙa zuwa yana komawa kamar jiniyar motar asibiti idan ta nufo ka ta wuce. Tana da gudu biyu, a hankali da sauri, kuma lokacin da take canjawa daga wannan zuwa wancan shi ne inda tsigar jiki ke tashi. Abin dariya, shi Hammond bai so lasifikar ba ko kaɗan, makaɗa ne suka nace a kanta har ta zama dole.

Waye Jimmy Smith, kuma me ya canja?

Ɗan garin Norristown ne kusa da Filadelfiya, da fiyano ya fara. Ba shi ne farkon wanda ya kaɗa jaz da ogan ba, gwanayen fiyano Fats Waller da Count Basie sun taɓa, Wild Bill Davis kuma ya riga shi yin suna da Hammond, shi ne ma wanda Smith ya ji ya kamu. Amma su na gabansa suna kaɗa ogan ne kamar suna kwaikwayon babbar tawagar makaɗa, dunƙule-dunƙulen sauti masu cika ɗaki. Smith ya sayi nasa ogan ya ajiye a wani sito ya yi kusan shekara yana koya wa kansa, da ya fito sai aka ji hannunsa na dama yana gudu layi ɗaya tsiriri kamar mai busa saksofon irin su Charlie Parker, ga kuma bulus ɗin baƙaƙen Amurka da salon wa'azin cocinsu a cakuɗe ciki.

A farkon 1956 Alfred Lion mai kamfanin fayafayi na Blue Note ya ji shi a New York ya ɗauke shi nan take. Shi Lion da abokinsa Francis Wolff Yahudawan Jamus ne da suka gudo daga mulkin Hitila, kamfanin an kafa shi a 1939. Faifan farko sunansa ma talla ne, A New Sound, A New Star, wato sabon sauti sabon tauraro, daga nan suka riƙa rubuta masa "The Incredible Jimmy Smith" a kwali. Cikin shekara takwas ya shiga sitidiyo wajen sau arba'in a ƙarƙashinsu.

Akwai dalilin aljihu da ya sa abin ya bazu. Mai gidan rawa a unguwannin baƙaƙe, a Filadelfiya ko Newark ko Harlem, ba shi da kuɗin biyan makaɗa goma sha biyar. Amma ogan da jita da ganga, mutum uku kacal, suna cika ɗaki da ƙara kamar su goma sha biyar ɗin, ba a ma buƙatar mai bes, wato mai kaɗa sautin ƙasa mai kauri, tunda mai ogan na yin aikinsa. Kan ka ce kwabo masu ogan sun cika gari, Jack McDuff, Jimmy McGriff, Richard "Groove" Holmes, Big John Patton, Shirley Scott wadda mace ce kuma ba ta bar wa mazan komai ba, daga baya Larry Young ya ja abin wata hanya ta daban. Masu sharhin jaz da yawa a lokacin kallon kiɗan mashaya suke masa, na talakawa masu cin kayan ciki, ba irin wanda ake zama a saurara da tagumi ba. Talakawan kuwa ba su damu ba, saye kawai suke.

Ina za ka sa kunne?

Wanda ya fara jin Smith yawanci hannun dama yake bi, saboda shi ne mai walƙiya. Ni shawarata ka bar shi tukuna. Sa abin kunne mai kyau, ba lasifikar waya ba don ita ba ta fitar da sautin ƙasa sam, ka kunna Back at the Chicken Shack, ka nemi wannan kaurin da ke tafiya a ƙasa, dum dum dum dum, taku huɗu-huɗu ba tsayawa. Za ka rantse akwai mai bes a ɗakin. Babu. Hannun hagun Smith ne a hawan ƙasa, ƙafarsa ta hagu kuma tana ɗan taɓa sandunan ƙasa don ba kowane taku ƙarfi. Mutane da yawa sun ɗauka da ƙafa zalla yake yin bes ɗin, a'a, akasari hannu ne, ƙafar na tallafawa ne, sai a kiɗa mai sanyi take ɗaukar nauyin sosai. Ƙafar dama kuma tana kan feda mai ƙara da rage ƙarar sauti, domin shi ogan ba kamar fiyano ba ne, ko ka daki maɓalli da ƙarfi ko ka shafa shi ƙarar ɗaya ce. Kenan gaɓoɓi huɗu aiki huɗu a lokaci guda, kuma mutumin yana yi yana gurnani, in ka saurara da kyau a wasu fayafayan kana jin muryarsa.

Bayan ka kama bes ɗin sai ka duba yadda yake yi idan wani ne ke gaba. A faifan nan Stanley Turrentine ne a saksofon, Kenny Burrell a jita, Donald Bailey a ganga. Idan Turrentine na busa, Smith sai ya ja baya ya shimfiɗa masa sauti a hankali kamar tabarma, can sai ya ɗan zabure shi, shi kuma ya amsa. Kira da amshi ne, ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayanin wannan ba. Wani abin kuma da ya iya shi ne ya danne sauti ɗaya ya riƙe shi tsawon lokaci, sauran yatsun na ta wasa a kewayensa, har sai ka ji kamar numfashinka ne aka riƙe, sannan ya saki. Ogan kaɗai ke iya wannan, sautin fiyano mutuwa yake da ka danna.

The Sermon kuwa, wato huɗuba, sunan faifai ne kuma sunan kiɗa ɗaya a cikinsa da ya haura minti 20 ya cinye fuskar faifai guda, kowa na karɓar nasa bi da bi, Burrell, Tina Brooks, Lee Morgan yana ɗan matashi da kakakinsa, Lou Donaldson. Mai gangar Art Blakey ne, wanda ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullah ibn Buhaina har abokansa na kiransa Bu. Minti ashirin yana riƙe da taku ɗaya bai gaji ba bai kuma gundure ka ba, ni wallahi a nan nake gane gwanintarsa fiye da inda yake ruguguwa.

Blue Note ko Verve: tsohuwar gardama

A 1962 Smith ya fara aiki da Verve, babban kamfani mai kuɗi, inda Creed Taylor ke shirya fayafayi. Nan aka haɗa shi da babbar tawagar masu busa. Bashin' da Oliver Nelson ya tsara ya fitar da Walk on the Wild Side wanda ya shiga jerin waƙoƙin da aka fi saye a Amurka gaba ɗaya, ba a ɓangaren jaz kaɗai ba. A 1964 aka yi The Cat da Lalo Schifrin ɗan Ajantina, a 1966 kuma aka haɗa shi da gwanin jita Wes Montgomery.

Masu tara faifai sun rabu a nan. Ɓangare ɗaya na cewa Smith na gaskiya na Blue Note ne, ƙaramar tawaga, kiɗa mai tsawo, ba kwalliya, Verve kuwa kasuwa ce aka bi aka gajarta kiɗan don rediyo. Ɗaya ɓangaren na cewa ai ogan an yi shi ne don ya yi karo da tawaga guda, kuma ba inda ƙarfinsa ya fito kamar lokacin da kakaki goma ke ihu shi kaɗai yana mayar musu. Ni dai na fi karkata ga Blue Note, amma ba zan yarda a ce duk na Verve shara ba ne, wanda ya faɗi haka bai ji Organ Grinder Swing na 1965 ba, su uku ne kawai shi da Burrell da Grady Tate, kuma ya fi wasu na Blue Note ɗin rai. Gaskiya kuma akwai na ƙarshen shekarun 1960 da ko kyauta aka ba ni sai dai in ajiye don kwalin.

Wani abu da sabon shiga ke ruɗewa a kai shi ne shekarar da aka rubuta a faifai ba lallai ita ce shekarar da aka ɗauki kiɗan ba. Midnight Special da Back at the Chicken Shack rana ɗaya aka ɗauke su, 25 ga Afrilu 1960, mutane huɗun nan dai, amma na farko ya fito 1961 na biyu sai 1963. House Party da The Sermon su ma daga zama biyu aka tsakuro su, ɗaya a Agusta 1957 ɗaya a Fabrairu 1958. Da zai kammala da Blue Note a farkon 1963 ya ɗauki fayafayi huɗu cikin kwana kusan tara, ciki har da Prayer Meetin', kamfanin ya riƙa sakin su ɗaya-ɗaya cikin shekaru yana cin albarkacin sunan da yake yi a Verve. Shi ya sa gogaggun masu tarawa ke bin zama-zama ne, ranar kaza wa da wa ke ɗakin, ba sunan faifai kaɗai ba.

Bayan haka kasuwar ogan ta faɗi a shekarun 1970 da kibod mai sauƙin ɗauka ya shigo, kamfanin Hammond ma ya daina ƙera B-3 na asali a tsakiyar shekarun. Amma Root Down da aka ɗauka kai tsaye a Los Angeles a 1972 ya samu rai na biyu da mawaƙan hip-hop Beastie Boys suka yanki wani sashe suka gina waƙarsu a kai a 1994. Kuma in ka taɓa jin Bad ta Michael Jackson ta 1987, toh ka riga ka ji Jimmy Smith ba ka sani ba, shi ne ya kaɗa ogan ɗin tsakiyar waƙar. Ya rasu a Fabrairu 2005 a jihar Arizona.

Mene ne "bugun farko" da ake ta kashe kuɗi a kai?

Ana ɗaukar kiɗa a tef, daga tef a yanka shi a wani faifai mai laushi, daga nan a yi hatimin ƙarfe da za a riƙa matse roba da shi. Bugun farko shi ne wanda aka matse a lokacin da faifan ya fara fita, tef na sabo, kuma wanda ya ɗauki kiɗan shi ya yanka da hannunsa. A Blue Note wannan mutumin Rudy Van Gelder ne, likitan gwajin ido ne da rana, a falon gidan iyayensa a Hackensack yake ɗaukar kiɗa, sai a 1959 ya gina sitidiyonsa a Englewood Cliffs ya bar aikin idon.

Toh yaya ake gane bugun farko? Nan ne abin ya zama kamar aikin ɗan sanda. Ka ɗauki faifan ka karkata shi a hasken tocilan waya, ka duba santsin da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar tsakiya. Za ka ga RVG, ko a tsofaffi an karce da hannu ko an buga da hatimi, daga baya ya koma VAN GELDER cikakke. Kusa da shi akwai wata 'yar alama ƙarama da masu harkar ke kira kunne, don kamar kunne take, alhali harafin P ne na Plastylite, masana'antar da ke matse wa Blue Note fayafayi. Da kamfanin Liberty ya saye Blue Note a tsakiyar shekarun 1960 aka bar masana'antar, kunnen ya ɓace daga 1966. Sai adireshin da ke takardar tsakiya, 767 Lexington Ave shi ne mafi tsufa, sai 47 West 63rd, sai New York USA, in ka ga an rubuta Liberty toh na baya ne. Wasu kuma suna da wani zurfafan zobe a takardar da yatsa ke ji.

Amma fa kar ka yi saurin murna da adireshi. Kamfanin ƙarami ne ba ya zubar da takarda, in tsofaffin takardu sun rage sai a manna su a sabon bugu, har za ka iya samun faifai fuska ɗaya adireshi kaza ɗaya fuskar wani daban. Dole sai alamomin sun haɗu. Haka maganar mono, mai fitar da sauti ta hanya ɗaya, da sitiriyo, mai raba shi hagu da dama, lambar da ta fara da BLP mono ce, BST kuma sitiriyo, misali The Sermon BLP 4011 ne. Kiɗan da aka ɗauka a 1956 da mono kaɗai aka ɗauke shi, don haka in ka ga sitiriyonsa na bogi ne, da na'ura aka raba sautin daga baya, kuma ba daɗi.

Yanzu ga abin da na ce a farko. Akwai faifan Blue Note na mai saksofon Hank Mobley mai lamba 1568 da ake saye da dubban daloli, ba don ya fi kowa iya busa ba, sai don kaɗan aka buga saboda bai yi kasuwa ba a lokacin. Smith kuwa shi ne ke kawo wa kamfanin kuɗi, an buga nasa da yawa an sake bugawa, na Verve ma har yau a kwandon masu araha ake tsintarsu a shagunan Amurka da Turai. Kenan farashi ƙarancin abu yake aunawa, bai san daɗin kiɗa ba. Matsalar fayafayan Smith ɗaya ce, an ci moriyarsu. Ba a kabad aka adana su ba, a wajen shagali aka yi ta juya su da allura mai nauyi, ga zufa ga lemo ya zube, shi ya sa samun mai tsabta ne ke da wuya, kuma sautin ogan mai tsayi in tsagin faifai ya cinye sai ya riƙa kakkaryewa yana ƙarar soya ƙwai.

Tsohon bugu ko sabo?

Masu tsohon na cewa tef yana tsufa, abin da Van Gelder ya yanka a 1960 daga sabon tef ba za a ƙara samun irinsa ba, kuma shi ne wanda Lion ya saurara ya amince. Masu sabon na cewa Van Gelder ya yanka ne daidai da garmahon mutanen wancan zamani masu arha, dole ya matse sautin ya rage na ƙasa don kar allura ta yi tsalle, injinan yanzu kuwa na fitar da abin da ke tef ɗin gaba ɗaya. Ga mai son ogan wannan ba ƙaramar magana ba ce tunda rabin daɗin a ƙasa yake. Blue Note ta fara jerin sabon bugun tsofaffin fayafayi mai suna Tone Poet a 2019, daga baya Classic Vinyl mai ɗan sauƙin kuɗi, Kevin Gray ke yanka su. Akwai kuma bugun Japan na kamfanonin King da Toshiba da aka san su da tsabta. Sidi ma ba abin rainawa ba ne, jerin RVG Edition da shi Van Gelder ya sake gyarawa da kansa tun ƙarshen shekarun 1990 yakan zo da ƙarin kiɗan da bai samu wuri a faifai ba, kuma yanzu da kowa ya juya wa sidi baya ya yi arha.

Ni na saurari tsoho na saurari sabo, bambancin akwai amma sai kana da kayan sauti masu kyau, a kan garmahon akwati irin na gayu da ake sayarwa yanzu ba abin da za ka ji sai dai ma ya cinye maka faifan. Abin da faifai ke bayarwa wanda waya ba ta bayarwa a wurina shi ne zama. Minti ashirin ba tsallakewa, kwali a hannu kana karanta wa ya kaɗa me a wace rana, ga hotunan da Wolff ya ɗauka da tsarin kwalin da Reid Miles ya yi, Smith da akwatinsa yana maƙale a jikin jirgin ƙasa a Midnight Special, ko yana zaune gaban akurkin kaji da kare a Back at the Chicken Shack.

Ga wanda ke son farawa daga nan gida

Dawowar faifai ta zo da abu biyu. Ta sa kamfanoni sun buɗe rumbunsu suna fitar da abin da da sai mai kuɗi, ta kuma sa farashin tsofaffi ya hau har da waɗanda ba su cancanta ba, ga masu rubuta "bugun farko" a kan komai. A shafin intanet na Discogs inda aka fi cinikin, ana auna lafiyar faifai da haruffa, NM kusan sabo, VG+ an yi amfani da shi amma lafiya, VG za ka ji ƙaraf-ƙaraf, ƙasa da haka ka bar shi. Ka nemi hoton santsin tsakiyar nan kafin ka biya, mai gaskiya ba zai ƙi ba. Sannan ka yi lissafin kuɗin aikowa da canjin dala, sau da yawa aikowar ta fi faifan tsada, shi ya sa ya fi a jira ɗan'uwa mai dawowa daga waje ya saka biyu-uku a tsakiyar kaya.

Sai yanayinmu. Roba ce, ba ta shiri da zafi. Na taɓa barin wani faifai a kujerar bayan mota a watan Afrilu na shiga gaisuwa, ban yi awa biyu ba, na dawo na tarar ya lanƙwashe kamar faifan rufe ƙwarya da ya sha ruwa, allura na hawa tana sauka kamar kwalekwale, ba wanda zan zarga sai kaina. A tsaye ake jera su ba a kwance ba, nesa da taga da bangon da rana ke duka. Lokacin hunturu kuma ƙura da bushewar iska na sa faifai ya riƙa jan datti kamar maganaɗisu, sai ka goge da buroshi mai laushi kafin kowane juyi ka mayar da shi rigarsa da ka gama. In da janareta kake, wasu garmaho saurinsu na bin wutar kamar dai ogan ɗin kansa, sai ka ji Smith na tangaɗi.

Kuma kar a ɗauka harkar ta Turawa ce zalla. A Nijar akwai Mamman Sani da ya ɗauki kiɗan ogan ɗinsa a Yamai a 1978, kaset kaɗan aka yi, mutane sun sha jin kiɗan a rediyo da talabijin ba tare da sun mallake shi ba, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a faifai bayan an ci karo da tsohon kaset ɗin. Ba jaz yake yi ba, ogan ɗinsa ma ba Hammond ba ne, amma da wani bai adana kaset ɗin nan ba da shikenan.

In ni ne zan fara yau, wata guda zan yi ina jin Back at the Chicken Shack da Midnight Special da The Sermon da Organ Grinder Swing da Root Down a waya da abin kunne ban sayi komai ba. Wanda na ga ina komawa kansa ba tare da na yi niyya ba shi zan nema a sabon bugu ko sidi. Maganar kunne da Lexington sai daga baya, in aljihu ya yarda kuma na samu ɗaki mai sanyi.